Giɓin da Ke Girar Yaya

A gidanmu ba a aske gira. Babanmu malami ne, yana da makarantar Islamiyya a ƙofar gida a Birnin Kudu, kuma tun muna ƙanana ya gaya mana cewa macen da ta cire gashin girarta ta taɓa abin da ba a ba ta izini ba. Bai taɓa ɗaga murya a kan maganar ba, amma babu wadda ta isa ta gwada. To sai ga shi Allah ya ba shi 'ya mai son kwalliya kamar me, wato Yayata, 'yar farin gidan. Sauran 'yan mata suna sa reza su kwashe girar tas, su ja wani baƙin layi da jagira tun daga karan hanci har kusan kunne, su fito kamar an ba su tsoro. Ita kuwa Yaya sai ta nemo yadda za ta gyara gira ba tare da ta cire ko sili ɗaya ba. Da wannan ta yi suna, har aka riƙa kawo mata amare daga Kiyako da ƙauyukan da ke kewaye.

Ni ce auta, kuma ni na zama abokiyar aikinta bayan na gama makaranta. Ba da daɗi na koya ba. Hannuna ya sha duka, don Yaya cewa take yi ina shafa hoda kamar mai yaɓen ɗaki. Ni kuma bakina ba ya shiru, ta faɗi ɗaya in faɗi biyu, amarya tana zaune a tsakaninmu tana rarraba ido.

Aikin nata ba wani kayan a zo a gani ne da shi ba. Tsohon buroshin goge baki take dangwalawa a jiƙaƙƙen sabulu, ta taje gashin girar sama ya kwanta. Sai ta feƙe jagira mai ruwan ƙasa, don ba ta yarda da baƙa ba, ta bi wuraren da gashi bai cika ba tana ɗan ja sili-sili, yadda ba za ka rabe wanda Allah ya shuka da wanda ta zana ba. Amma inda asirin yake shi ne ƙashin gira, ƙashin nan da za ka ji ya ɗan taso a ƙarƙashin girarka in ka danna da yatsa. Za ta ɗauki hoda wadda ta ɗara fatar mutum haske kaɗan, ta taɓa da yatsan da ake sa zobe don shi ne marar ƙarfi, ta ɗiga a kan ƙashin daga tsakiya zuwa wutsiyar gira, ta yi ta murzawa har sai hodar ta ɓace. Daga nan ta sa ɗan duhu a lungun fatar ido. Shi ke nan. Sai ka ga idon ya buɗe, fuskar ta washe, kamar mutum ya yi barci ya ƙoshi an kuma yi masa albishir. In na tambaye ta yawan hodar da zan ɗiba sai ta harare ni ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kullum kuma tana maimaita mini cewa in aka yaba kwalliyar amarya to mun faɗi, ita amaryar muke so a yaba, kuma kada in kuskura in ba mutum fuskar da ba tasa ba.

Innarmu 'yar Fulanin Maruta ce, can ƙasar Gwaram. Fulatanci ya ƙwace mata sai na gaisuwa, amma kunya kam ta gaje ta har da ƙari. Tunda Yaya ce 'yar farinta, Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba. In ta kama dole sai ta ce waccan, ko 'yar'uwarki. Ba ta kallon fuskarta, ba ta zama tabarma ɗaya da ita, in Yaya ta durƙusa gaisuwa Inna ƙasa take kallo ko ta shiga gyaran wata ƙwaryar da ba abin da ya same ta. A ɗakin kakarmu ta wajen uba Yaya ta tashi. Ni kuwa da na zo a ƙarshe, har na yi wayo ina hawa cinyar Inna ina wasa da kitsonta. Mutane suna yaba wannan kunya, suna cewa mace ke nan mai alkunya. Ni haushi take ba ni, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Yaya dariya take yi ta ce al'ada ce, in bar tsohuwa ta huta. Sai dai ranar da za a kai ta ɗakin miji, da kanta ta yi kwalliyarta, ta yi kyau har na ji tsigar jikina ta tashi, kuma ana yafa mata mayafi ta jawo ni ta tambaye ni a kunne ko Inna ta gan ta. Inna tana gidan maƙwabta tun safe. Na ce ban sani ba.

Da Baba ya rasu, Inna ta gama takaba ta koma Maruta gidan Kawu, wanta. Muka mayar da shi ƙa'ida, duk bayan ƙaramar Sallah ni da Yaya za mu je mu yi mata kwanaki.

Shekarar da nake ba da labari, Yaya ta ji wani ƙullutu a mamanta. Aka fara da asibitin gari, aka tura ta Kano, aka dawo mana da sunan da kowa yake tsoron furtawa, ciwon daji. Aka yi mata aiki, aka shiga ɗura mata magani ta jijiya, irin wanda in an sa wa mutum sai ya kwana biyu bai san inda kansa yake ba. Gashin kanta ya fara zuba. Ta yi dariya ta ce ta huta da zaman mai kitso. Gashin ido ya bi baya, ta ce kwalli zai rufa asiri. Amma wata safiya ta wanke fuska ta goge da tawul, sai ga girar a jikin tawul. Rannan ba ta yi dariya ba. Ta je ta juya babban madubin da muke wa amare aiki a gabansa, ta haɗa fuskarsa da bango, kuma tun daga ranar ban sake ganin ta kalli kanta ba, ko a gilashin waya.

Tun ranar farko ta kafa mana doka, ni da mijinta da 'yan'uwanmu maza, cewa kada Inna ta ji. Na yi faɗa da ita a kan wannan har muryata ta dishe. Na ce uwa ce fa, na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na ce ita da Innar duk taurin kai ɗaya gare su. Ta bar ni na gama zubar da abin da ke bakina, sannan ta ce:

"Auta, in ke ce kika kwanta, Inna za ta rungume ki ta yi kuka ta ji sanyi. Ni fa? Ba za ta iya tambayata ina ke ciwo ba, ba za ta iya kuka a gaban mutane ba. A ciki zai yi ta cin ta. Ki bar mini wannan, shi kaɗai nake iya yi mata."



Azumi ya zo ya wuce, ko ɗaya ba ta samu ta yi ba. Aka yi Sallah, lokacin tafiya ya ƙarato. In ba mu je Maruta ba Inna za ta san akwai magana, in kuma mun je ga fuska a fili, labarin zuciya kuwa a tambayi fuska. Kai ba matsala ba ne, akwai hula da ɗankwali da hijabi. Rama ma za a ɗora wa azumi da zafi. Gira ce ba ta da mafaka. Sai Yaya ta zauna a kujerar amare, ta ba madubi baya, ta rufe ido, ta miƙo mini jagira.

Ashe duk abin da na koya ba komai ba ne. Cike gurbi a cikin gashi daban, ƙirƙiro gira a kan fata ziryan daban. Na farko da na zana, da mijinta ya shigo sai ya yi sauri ya kawar da kai, na gane na yi ɓarna. Ga kuma wani abin da ban zata ba. Duk rayuwata abin da na koya shi ne fito da ƙashin gira, yanzu kuwa ƙashin ya fito da kansa, ya yi tsini a kan idanun da suka faɗa ciki. Da na ɗiga masa haske kamar yadda muka saba sai ya ƙara tona mana asiri. Yaya ce, ido a rufe, ta ce in juya aikin. Hoda mai ɗan duhu za ta hau kan ƙashin ta kwantar da shi, hasken kuma in kai shi cikin lungun idon inda ya rama. Ba ta ganin abin da nake yi, amma tana jin tafiyar hannuna a fatarta, har ta kan ce na danna da yawa, ko na ja silin nan ya yi tsawo. Muka yi ta yi muna gogewa har fatar wurin ta yi ja. Daga ƙarshe na samu hannu. Na zana mata gira biyu cikakku, lafiyayyu, kowace ta yi daidai da 'yar'uwarta, har wata maƙwabciya ta shigo ta yi mata barka da samun sauƙi. Na ji kaina ya yi girma rannan.

Muka hau motar Gwaram da hantsi, ana rana kamar ta dafa mutum. Ina zaune kusa da ita ba abin da nake kallo sai goshinta, ina ganin zufa tana tsattsafowa gabana yana faɗuwa. A tashar Gwaram na ja ta bayan wata rumfa, na yafa mana gyale a kai kamar masu ƙus-ƙus, na danne zufar da auduga na gyara inda ya narke. Sannan muka hau acaɓa zuwa Maruta. Kowane rami muka faɗa sai na ji a jikina, don na san inda ɗinkin yake.

Inna tana tsakar gida da muka yi sallama. Ni ta kama, ta juya ni, ta ce na yi baƙi, ta ce ba na cin abinci. Yaya ta durƙusa can gefe ta gaishe ta. Inna ta amsa tana kallon bakin zaninta, ta tambayi maigida da yara, duk a sama-sama, sannan ta ce da ni in shigar da kayan 'yar'uwata ɗaki. Matar Kawu ce ta ƙura wa Yaya ido ta ce kai, wannan rama haka? Yaya ta ce azumin bana ne da zafi, ga aikin amare. Matar Kawu ta ce ai kuwa fuskar tana nan shar da ita. Da muka shiga ɗaki Yaya ta jingina da bango tana mayar da numfashi, ta ɗaga mini babban yatsa.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne alwala. Yaya ba ta yarda a sa mata abin da zai hana ruwa taɓa fata ba, saboda haka duk wankin fuska girar tafiya take yi. Ta so ta riƙa riƙe alwala ɗaya ta yi salla biyu, amma maganin ya lalata mata ciki, ba ya bari. Sai muka tsara abinmu. Za ta ɗauki buta ta zaga bayan ɗaki, ta dawo ta ja hijabi har kan hanci kamar mai gudun rana, ni kuma ina ciki na riga na feƙe jagira. In saki labule, in tsugunna a gabanta wajen hasken taga, in zana, in kwantar da ƙashin, in haska lungun, sannan ta tayar da salla. Matar Kawu har tsiya ta yi mana, wai mu 'yan birni ko Allah za mu gaisar sai mun yi kwalliya. Na ce mata eh, ai Shi ya fi cancanta. Aka yi dariya.

Duk kwanakin nan ban ga Inna ta ɗaga ido ta kalli Yaya ba. Wannan ya kwantar mini da hankali, kuma ya ƙona mini rai. Ina cewa a zuciyata, dubi baiwar Allah tana tafiya tana dafa bango, uwar da ta haife ta ko a jikinta. Abin da na lura kawai shi ne abincin gidan ya canza. Tuwon dawa ya koma kunu mai laushi, aka yanka kaza aka yi farfesu ba yaji, kuma kullum da safe Inna za ta miƙo mini ƙwaryar kindirmo ta ce in kai ɗaki. Na ɗauka karamcin baƙi ne.

Ana jibi za mu koma, bayan La'asar, Yaya ta samu barci. Inna ta kira ni bayan gida wajen rumbu in taya ta tsinke zogale. Muka zauna muna yi, tana ba ni labarin wata saniyar Kawu da ta ƙi shayar da ɗanta. Can sai ta bar labarin. Ba ta kalle ni ba, hannunta bai daina tsinka ba, ta ce:

"Gobe in za ki zana mata, ki bar giɓin nan na girar hagu. Wajen wutsiya. Gashi bai taɓa fitowa a wurin ba."

 Giɓin! Yaya tana da wani ɗan tabo a girar hagu, siriri kamar tsinken tsintsiya, ya raba gashin gida biyu. Ba ta taɓa cike shi ba, ko ranar aurenta, tana cewa da shi aka san ta. Na tashi ina ganinsa tun ban san kaina ba, har idona ya daina ganinsa. Da gashin ya zube tabon ya saje da fata, ni kuma garin neman a yaba mini na bi ta kansa na shafe. Mijinta bai lura ba, 'ya'yanta ba su lura ba, ni da nake tsugunne a gabanta sau biyar a yini ban lura ba. Matar da ba ta kallonta ce ta gani, kuma ta ce tun ranar da muka sauka, tun Yaya ba ta gama durƙusawa ba.

Ta gaya mini yadda aka yi tabon, labarin da ban taɓa ji ba. Yaya tana tatata, ta taho da gudu wajen Inna tana daka, ta yi tuntuɓe ta haɗu da bakin turmi. Jini ya rufe mata ido. Surukarta, kakarmu, tana zaune a tsakar gida da baƙi. Inna ta ce taɓaryar tana hannunta, yarinyar tana kuka tana miƙo mata hannu, ita kuma ta tsaya kamar an dasa ta har kaka ta taso ta ɗauke ta. Ta ce ta ci gaba da dakan, don in ta tsaya za a ce ta yi rashin kunya.

Nan fa zuciyata ta hau. Na watsar da zogalen na ce to tunda ta sani me take jira, ga ta can kwance, taku nawa ne, ta shiga ta riƙe hannunta mana, kunyar nan me ta taɓa tsinana mana. Na faɗi maganganu da ba a faɗa wa uwa. Inna ta bar ni na gama, kamar yadda Yaya take yi, ta tsince ganyen da na zubar ɗaya bayan ɗaya. Ta tambaye ni sunan ciwon, na faɗa. Ta tambaye ni abin da likitoci suka ce, na faɗa. Ta yi salati a hankali. Sannan ta ce Yaya ta sha wuya ta hau mota da acaɓa a wannan halin don ta ɓoye mata, kuma ba za ta mayar da wahalarta banza ba. Ta ce in bar ta ta koma da abin da ta zo da shi, kuma kada in gaya mata an gane.

Washegari da na tsugunna zana girar hagu, na zo wajen wutsiya, na ɗaga jagirar na tsallake wurin, na ci gaba. Sai ga Yayata ta dawo. Duk kwanakin nan ashe wata mata nake zanawa mai kama da ita.  Ita kuwa idonta a rufe yake.

Ranar tafiya Inna ta haɗa mana kaya, man shanu da zuma da gero, duk ta ce nawa ne. Ta rako mu har ƙofar gida, abin da ba ta saba ba. Yaya ta durƙusa ta yi mata sallama, Inna tana kallon ɗan acaɓa tana ja masa kunne ya bi a hankali don kayan auta kada su zube.

Sai da motar ta bar Gwaram, mun samu kujerar baya mu biyu, Yaya ta sauke ajiyar zuciya ta ce mun ci nasara. Ta yi 'yar dariya ta ce rashin kallon ma ashe yana da ranarsa, ai Inna ko da gira ɗaya ta je ba za ta lura ba. Dariyar ba ta kai ciki ba, na san ta. Na juya ina kallon gonaki da ake ta sharewa ana jiran ruwa. Muka yi tafiya mai ɗan nisa. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Jiya da yau hannunki yana tsallake wuri a ta hagu. Ke kika tuna, ko tuna miki aka yi?"

Na yi wa Inna alkawari, kuma ban karya ba, don ban ce uffan ba. Amma ni da ba a taɓa yi mini tambaya na rasa amsa ba, shiruna ya ishe ta. Ta ɗaga yatsa ta taɓa wurin a hankali, yadda ba za ta ɓata zanen ba. 

"Ashe tana kallona," ta ce.

Ta yi kuka daga nan har muka hango duwatsun Birnin Kudu, kuka marar sauti, ta ja hijabi ta rufe fuska. Kwallin ya zubo, hodar ta tafi, duk aikina ya wanke, ban kuma damu ba. Da za mu sauka ta kama hannuna ta ce kada in gaya wa Inna cewa ta sani. Na ce su biyun nan sai sun kashe ni. Ta yi dariya, ta gaske wannan karon.

Da muka isa gida ta sa ɗanta ya juyo da madubin. Ta tsaya ta daɗe tana kallon kanta, sannan ta ce in sake zanawa tana gani. Ta gyara mini wajen giɓin, ta ce na faɗaɗa shi da yawa.

Daga nan saƙo bai yanke ba daga Maruta. Duk wanda zai shigo gari sai Inna ta ba shi abu, nono ko zuma ko rubutun sha da ta sa aka yi, kuma kullum saƙon ɗaya ne, a kai wa auta. Duk dangi sun san ko warin man shanu ba na so. Yaya ce take karɓa ta buɗe da kanta, ta shinshina, ko ba za ta iya ci ba. Ta ce in ci gaba da zana mata gira kowace safiya ko ba inda za ta, na kuma yi, har lokacin da ba ta iya zama sai dai in zana tana kwance.

Cikin damina jikin ya rikice gaba ɗaya. Yayyena maza suka ce ɓoyo ya ƙare, ɗaya ya tafi ɗauko Inna. Aka kwana ana ruwa, hanyar ƙauye ta yanke, sai da gari ya waye suka samu fitowa. Yaya ta cika da sassafe, kaina yana kusa da nata. Aka ɗan jinkirta sutura don su iso.

Ni na zuba ruwa da ake yi mata wanka, da hannuna na wanke zanen ƙarshe da na yi mata. Fuskar ta fito fes, ba gira, ba kwalli, ƙashin nan da muka yi ta fama da shi ya fito sarai, tabon kuma yana kwance a kansa, fari siriri. Muna shirin rufewa aka ce Inna ta iso. Kowa ya ɗauka za ta wuce ɗakin da mata suke ta zauna a lungu, don haka uwar ɗan fari take yi. Sai ga ta ta ɗaga labule, ƙafarta duk taɓo. Tsofaffin da ke wurin suka kalli juna suka ja baya.

Ta durƙusa. Ta kalli fuskar, kallo na sosai, tun daga goshi har haɓa, ba gaggawa. Ta sa babban yatsanta a kan tabon ta shafa. Sannan ta kira sunanta, sunan yanka, a hankali kamar mai tashin yaro daga barci. Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, har ya yi mini wani iri a kunne.

Ba ta ɗago ba ta tambaye ni ko Yaya ta san ta gane. Na ce ta sani, tun a motar Gwaram, kuma ba ni na faɗa ba. Ta ce me ta ce. Na ce cewa ta yi, ashe kina kallonta.

Yatsan Inna yana nan a wurin.

"Wa zan kalla in ba ita ba," ta ce.

Aka yi sallama daga waje cewa maza suna jira. Ita ta ja likkafanin ta rufe fuskar da kanta.